Tsohuwar Kwamfuta da Sabon Furosesa: Tarihin Ƙofar da Ake Buɗe Mana, Ake Kuma Rufewa

 Kamar kullum, wannan shi ne rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin 'yan uwa da suka ce data ba ta isarsu su saurari murya, sun fi son su karanta a nutse.

Yau maganar kwamfuta za mu yi, amma ta ƙofar tarihi za mu shiga. Akwai tambayar da matasa ke yawan turo mini, musamman masu shagon buga takardu da ɗalibai: "Kwamfutata ta tebur ta tsufa, tana jan ƙafa. In canza mata furosesa ne, ko in kira 'yan gwangwan?" Zan amsa, in sha Allahu. Amma akwai wata tambayar da ta riga wannan. Me ya sa ma ake iya cire furosesan kwamfutar tebur a saka wani, alhali na wayar da ke hannunka ba ya ciruwa? Wasu mutane ne fa suka zauna suka yanke hakan, a shekarun da aka sani, saboda dalilai na kasuwa. Kuma mu mutanen Panshekara muna da dalili na musamman da zai sa mu damu da wannan tarihin.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya taso a Panshekara, a gefen inji ya taso. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fata da auduga suka samu hanyar zuwa teku. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka kafa gidan ruwa da gidan wuta a bakin kogin Challawa, daga nan ake tura ruwan famfo da lantarki zuwa cikin birni. Daga baya aka ware Bompai domin masana'antu, sai Sharaɗa kashi-kashi har uku, sai kuma Challawa. Masaƙu, kamfanonin jima, na man gyaɗa, na robobi, na alewa da biskit, har da na haɗa keken Raleigh. Attajiran gida ma sun shiga da ƙarfinsu: Alhaji Isyaku Rabi'u da masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi da masaƙar Gaskiya. Ku tambayi iyayenmu yadda titin Panshekara yake cika da kekuna lokacin tashi daga aiki, za ku sha labari.

To amma injunan nan daga ina suke? Daga Ingila, Jamus, Italiya, Japan da sauransu. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun dawo mana da hannun jari, wannan gaskiya ne. Sai dai zanen injin da masana'antar da ke ƙera kayan gyaransa suna can ƙetare. Muddin naira na da ƙarfi, ba wanda ya ji a jikinsa. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. Da tsarin SAP ya zo a 1986 zamanin Janar Babangida, kafin 1987 ta ƙare dala ta kai wajen naira 4. Tun kafin nan ma, matakan tsuke bakin aljihu na gwamnatin Shagari a 1982 sun sa shigo da kaya sai da lasisi. Ƙaramin ƙarfe ɗaya ya lalace, a tsayar da layin aiki ana jiran jirgin ruwa.

Ban ce wannan kaɗai ya durƙusar da masana'antunmu ba. Akwai matsalar wuta, akwai fasa-ƙwauri, akwai atamfa mai arha daga Sin da ta cika Kantin Kwari. Amma darasin da nake so mu ɗauka shi ne: injin da ba ka iya buɗe cikinsa ka canza abin da ya gaji, ko da kuɗinka ka saya, kusan haya kake yi. Waɗanda suka riƙa jan ran injunan nan a lokacin wahala kuwa su ne makanikai da masu sassaƙa ƙarfe, waɗanda suka san cikin injin kamar tafin hannunsu. Ku riƙe wannan a zuciya, yanzu mu koma kan kwamfuta.

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ke yin duk lissafin. Wani ɗan fale-falen abu ne, bai kai faɗin kwalin ashana ba, cikinsa cike da ƙananan makunnai da ake kira tiransista. Na farko da aka fitar kasuwa shi ne Intel 4004, a 1971, kuma saboda na'urar lissafi ta wani kamfanin Japan mai suna Busicom aka ƙera shi. Tiransista 2,300 ne a cikinsa. Zuwa 1989, furosesan Intel 486 yana ɗauke da sama da miliyan ɗaya. Na yau kuwa biliyoyi ake magana. Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, ya hango haka tun 1965, daga baya a 1975 ya ce adadin zai riƙa ninkawa kusan duk shekara biyu. Kun ga kenan matsalar tun asali take: furosesa na gudu, amma akwatin kwamfuta da fanka da wayoyin ciki ba sa tsufa da wannan saurin. Me zai sa a zubar da gida gaba ɗaya don ɗaki ɗaya ya yi kaɗan?

Ƙofar ta buɗe ne a ranar 12 ga Agusta 1981, ranar da kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta tebur. IBM na cikin gaggawa, saboda Apple da wasu sun riga shi shiga kasuwar. Maimakon ya ƙera komai da kansa kamar yadda ya saba, sai ya tattaro kayan da ke kasuwa: furosesan 8088 daga Intel, manhaja daga Microsoft. Ya kuma wallafa bayanin yadda cikin na'urar yake. Furosesan ba a liƙe shi da dalma ba, a kan wani mazauni aka ɗora shi, wanda ake kira soket. Ba a jima ba mutane suka gano za su iya zare 8088 su saka wani na kamfanin NEC mai suna V20, su samu ɗan ƙarin sauri. Sana'ar da muke magana a kai yau, daga nan ta samo tushe.

Wani abu kuma ya faru. IBM ya ƙi yarda ya dogara da kamfani ɗaya, don haka a 1982 Intel ya ba AMD izinin ƙera irin furosesansa. Kamfanoni irin su Compaq suka fara yin kwamfutoci masu aiki daidai da ta IBM. Kasuwa ta cika da masu gasa, farashi ya sauko, sassa suka zama ana iya musanyawa. Wato dai ba tausayinmu aka ji ba, gaggawa da gasa ne suka bar ƙofar a buɗe.

Shekarun 1990 su ne lokacin da abin ya fi armashi. Aka fito da soket mai ɗan hannu a gefe, ka ɗaga hannun, furosesa ya fito ba tare da ka sa ƙarfi ba, ka saka wani ka mayar da hannun. A 1992 Intel da kansa ya fara sayar da furosesa mai suna OverDrive, wanda aka yi musamman don masu tsohuwar kwamfuta su ƙara mata ƙarfi. Sai kuma Socket 7 a 1995, wanda har yau masana ke tunawa da shi. A kan madabod ɗaya, wato babban allon da komai ke zaune a kansa, kana iya saka Pentium na Intel, ko K6 na AMD, ko 6x86 na Cyrix. Mazauni ɗaya, kamfani uku, kai ne mai zaɓi daidai aljihunka.

Wannan bai yi wa babban kamfani daɗi ba. A 1997 Intel ya fito da Pentium II a wani sabon mazauni mai suna Slot 1, abokan gasarsa ba su da izinin amfani da shi. AMD ya ɗan ci gaba da tsohon mazaunin, sannan a 1999 ya kama tasa hanyar da Athlon. Daga ranar zuwa yau, madabod ɗin Intel daban, na AMD daban. Ƙofa ta rufu rabi kenan.

A 2004 aka fito da LGA 775, kuma ina so ku riƙe sunan nan, don yawancin kwamfutocin da muka fara taɓawa a kafe shi ne a cikinsu. A nan aka juya abin: 'yan alluran da ke jikin furosesa aka mayar da su jikin madabod, guda 775. Mazaunin ya yi tsawon rai. Ya ɗauki Pentium 4, ya ɗauki Pentium D, ya ɗauki Core 2 Duo na 2006 mai zuciya biyu, ya ɗauki Core 2 Quad mai zuciya huɗu. Zuciya a nan ina nufin sashen da ke aiki da kansa a cikin furosesan, kamar ma'aikata huɗu a shago maimakon ɗaya. Har wata dabara masu gyara suka gano a duniya: tsofaffin furosesan Xeon na manyan kwamfutocin kamfanoni, masu mazaunin 771, sai a manna musu wata 'yar sitika da ke musanya wurare biyu a ƙasansu, su hau kan 775 su yi aiki. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe.

Daga nan sai Intel ya shiga canza mazauni kamar ana canza riga. 1156 a 2009, 1155 a 2011, 1150 a 2013, 1151 a 2015. Kusan kowane mazauni zubi biyu kawai yake ɗauka, abin da a kasuwa za ka ji ana cewa jenareshan. A 2017 ma abin ya ba mutane haushi: furosesan zubi na takwas ya zo da allurai 1151 daidai da na baya, yana shiga ramin tsaf, amma ba ya aiki sai da sabon madabod. AMD kuwa da yake yana neman kasuwa, sai ya bi ta ɗaya hanyar. Mazauninsa AM4 ya ɗauki Ryzen na farko a 2017, ya ci gaba da karɓar sababbi har Ryzen 5000 na 2020. Kun ga dai abin da nake faɗa: tsawon ran na'urarka, wani ne ke yanke shi a ɗakin taro. A laftof kuwa yawanci yanzu a liƙe furosesan yake da dalma, haka a waya, haka a kwamfutocin Apple masu M1 da suka fito a 2020. Kwamfutar tebur ce kusan wuri na ƙarshe da ya rage talaka zai iya sa hannu.

To, ta yaya waɗannan na'urori suka iso Kano? Najeriya ta san kwamfuta da wuri, tun 1963 IBM ya buɗe cibiyar horaswa a Jami'ar Ibadan. Amma ta jami'a ce da banki da gwamnati. Ba ta sauko unguwa ba sai wajen shekarar 2000, lokacin da kafe-kafen intanet suka bazu, wayar salula ta zo a 2001. A shekarar ce ma Leo Stan Ekeh ya ƙaddamar da Zinox, kwamfutar da ake haɗawa a gida Najeriya, akwai kuma Omatek ta Florence Seriki. Duk da haka, abin da ya cika shagunanmu gwanjo ne. Bankuna da ofisoshi da makarantu a Turai da Amurka kan canza kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, dillalai su kwashe, a loda a kwantena zuwa Legas. Daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Alaba su hau mota zuwa Kano, su sauka a titin Beirut da sauran wurare. Shi ya sa duk inda ka shiga za ka ga Dell OptiPlex da HP Compaq, ai kayan ofis ne, an yi su da ƙwari.

Da JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita dole a 2015, sai buƙatar ta ninka. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, yau makomarsa a kan allo take. Rajistar makaranta, neman aiki, duba sakamako, katin ɗan ƙasa, komai sai an je shagon kwamfuta. Ku leƙa shagunan nan daga Panshekara zuwa Sharaɗa zuwa Ɗorayi, ku duba ƙarƙashin tebur. Kwamfutar da wani ofis a Landan ya yi wa ritaya ita ce ke ciyar da gida a nan.

Amma gwanjo fuska biyu gare shi, kuma dole mu faɗi ta biyun. A 1988 aka gano an jibge gubar masana'antu daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Wannan abin kunya yana cikin abubuwan da suka zaburar da duniya aka sa hannu a yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka yi tasu ta Bamako a 1991, don hana turo mana shara mai guba. Sai sharar ta canza kaya ta dawo da sunan "kayan hannu". A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta fitar da rahoto kan Legas, ta ce kusan kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shigowa duk wata, kuma abin da ya kai kashi 75 cikin ɗari na iya zama matacce tun daga can. Najeriya ta kafa hukumar NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011. Amma har gobe, abin da ya mutu a hannun ƙannenmu 'yan jari-bola yake ƙarewa, suna ƙona waya don su ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin. Mu da muka san abin da ruwan kamfanonin jima ya yi wa kogin Challawa, ba sai an yi mana bayanin guba ba. Duk kwamfutar da aka ƙara wa shekara uku tana aiki, an rage wa wani yaro hayaƙi kenan.

Yanzu bari in amsa tambayar farko, kuma za ku ga duk amsar daga tarihin nan ta fito.

Na ɗaya, ɗan uwa ko 'yar uwa, tabbatar furosesan ne matsalar. Sau da yawa ba shi ba ne. Tsohuwar kwamfuta mai faifan ajiya mai juyawa, in ka saka mata SSD ka ƙara mata RAM ya kai giga 8, sai ka rantse sabuwa ce. Buɗe shafin da ke nuna aikin na'ura ka duba. In faifan ajiya ne ke tsaye a ɗari bisa ɗari furosesa na hutawa, to kar ka ɓata kuɗinka a inda ba ciwo. In kuwa aikinka haɗa bidiyo ne ko zane, kana ganin furosesan ne ke cika, to nan ne canji zai yi amfani.

Na biyu, san mazauninka. Furosesan 1150 ba zai hau 1155 ba, ko da lambobin sun yi kama. Kar ka bari wani ya ce maka "ai duk Core i5 ne". Core i5 suna ne kawai, zubi-zubi ne, kamar ka ce Toyota ba ka faɗi shekara ba.

Na uku, mazauni kaɗai bai isa ba, sai madabod ɗin ya yarda. Ga misali da ke cin kuɗin mutane. Dell OptiPlex 790 da 7010 duk 1155 ne. Amma 790 zubi na biyu kawai take ɗauka, iyakarta irin su i5-2400 ko i7-2600. Ita 7010 tana ɗaukar zubi na uku, irin su i5-3470 da i7-3770. Haka HP 8200 da 8300. Ka saka na uku a 790, zai zauna daram, ka kunna, allo ya yi baƙi ƙirin. Don haka nemi lambar na'urarka, duba jerin furosesan da kamfanin ya ce tana ɗauka. In ana buƙatar sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke tayar da na'ura, a yi shi tun tsohon furosesan na ciki, kuma a yi shi a kan wutar da ba za ta ɗauke ba. Wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod na iya tafiya.

Na huɗu, zafi. Core i3-2100 wat 65 ne, i5-2400 kuma wat 95. Waɗannan na'urori an tsara su ne don ofis mai sanyi, mu kuma a watan Afrilu zafin Kano na kai digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka. Ƙananan akwatuna sirara ba duka ne ke jure furosesa mai cin wuta da yawa ba. A share ƙura, a goge tsohon man da ya bushe a saman furosesa, a ɗiga sabon man sanyaya kamar ƙwayar wake, a ɗaure ƙarfen sanyaya da kyau.

Na biyar, alluran nan. Tun 2004 na gaya muku a jikin madabod suke a kwamfutocin Intel. Ɗaya ta lanƙwashe, an shiga uku. Cire wuta gaba ɗaya, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, ɗaga ɗan hannun, duba alamar kusurwa da 'yan tsagogin gefe, ka ajiye furosesan a hankali ba dannawa. In kana jin sai ka sa ƙarfi, to ba daidai ka ɗora ba. Sannan in za ka saya a kasuwa, ka ce a gwada a gabanka, ko ka tafi da na'urar. Gani ya kori ji. Tsohon da ka cire kuma kar ka yar, wata kwamfutar na jiransa.

Sai dai akwai bangon da duk wannan dabarar ba ta tsallakewa, kuma shi ne babi na baya-bayan nan a tarihin. A ranar 5 ga Oktoba 2021 Microsoft ya fitar da Windows 11, ya ce a hukumance sai furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, da wani abin tsaro mai suna TPM 2.0. Ya kuma sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Ku lissafa da kanku. Kwamfutocin da suka cika shagunanmu zubi na biyu ne zuwa na bakwai. Ko i7-4790 ka saka, wanda yake aiki kamar doki, a takarda an ce bai cancanta ba. A da da ƙarfe ake rufe ƙofar, yanzu da manhaja ake rufewa. Na'urar ba ta mutu ranar ba, tana ci gaba da kunnuwa, amma ramukan tsaro za su riƙa taruwa ba mai toshewa. Kuma a kan waɗannan na'urorin ne ake shigar da lambar BVN da NIN ɗin jama'a. Wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mafita akwai. Akwai Linux, wanda wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kyauta ne, kowa na iya duba cikinsa. Irin su Ubuntu da Linux Mint suna tafiya lafiya lau a kan tsofaffin na'urorin nan, kuma yawancin aikin shago yanzu a burauza ake yinsa. Ba kowace manhaja ce za ta hau ba, musamman wasu na ɗaukar zanen yatsa da na hukumomi, don haka a gwada tukuna kafin a goge komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A can inda ake ƙera kayan ma mutane sun fara tayar da ƙayar baya. Faransa a Janairun 2021 ta tilasta a riƙa manna makin sauƙin gyara a jikin waya da laftof. Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024. Su da suke da kuɗin sayen sabo kenan. Mu fa, da rayuwarmu ta dogara da gyara?

Ga abin da nake ganin ya kamata mu matasa mu tsaya a kai. Makarantu da ofisoshin gwamnati da suka tara kwamfutoci a sito suna cin ƙura, a fito da su a tantance. Da yawa SSD da RAM da furosesa ɗan gwanjo kawai suke buƙata su koma ɗakin karatu. Darasin kwamfuta a sakandare ya wuce zana linzami a allo, a ba yaro da yarinya sukundireba su buɗe akwatin su ga ciki. Shirye-shiryen koyar da fasahar zamani su tuna da masu gyara, ba masu rubuta manhaja kaɗai ba. Sannan abin da ya mutu da gaske a samar masa wurin tarawa, kar ya ƙare a wuta a bayan gari. A Janairun 2023 an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da tashar wutar sola mai megawat 10, duk a nan ƙaramar hukumarmu ta Kumbotso. Kwantena za su zo. Tambayar ita ce, in sun zo, mu masu sauke kaya ne kawai, ko masu sanin abin da ke cikin kayan?

Iyayenmu sun tsaya a gaban injunan da aka ƙera a wata ƙasa, da kuɗin waje ya yi tsada injin ya tsaya, aikinsu ya tsaya tare da shi. Mu ma a gaban injin wata ƙasa muke zaune, bambancin kawai namu yana da sukurori biyu a baya da ɗan hannu a gefen furosesa, kuma har yanzu ana iya buɗewa. Mu koyi buɗewa tun ana iyawa.

Nan za mu dakata a wannan makon. Wanda yake da tsohuwar kwamfuta a gida, ya duba lambarta a gaban akwatin ya rubuta, ya nemi sanin mazauninta kafin ya je kasuwa. A tura wa wani mai shago ko wani ɗalibi da zai amfana. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya farfaɗo mana da masana'antunmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.